Tsohuwar mota gaban haraji da takardu: darasi daga Turai, tambaya ga Arewa

Ranar Juma'a, ranar kasuwar Dogon Dutsi, wanda ya tsaya bakin gudron tun da hantsi zai ga rabin tarihin mota yana wucewa gabansa. Ga Toyota mai buɗaɗɗen baya ta fito daga wajen Matankari, buhunan wake sun danne ta har gindinta yana neman shafar ƙasa. Ga Hiace daga Kore Mairuwa, mutane ciki, tumaki ɗaure a sama, karen mota rataye ga ƙofa. Can baya ga Peugeot 504 mai dogon jiki, wadda ta sake fenti sau uku, tana tari tana tahowa. In an yi sa'a ma a hangi yayarta 404 mai tampol, wadda direbobi ke kira bashe, tana jan jiki kamar tsohuwar da ta ƙi yarda a ɗaukar mata tulu. Da yawa daga cikin motocin nan sun girmi masu tuƙa su.

Da za a ɗauki ɗaya daga cikinsu a wanke ta, a gyara, a kai ta Faransa, da ba a sake aza mata buhu ba har abada. Sai a yi mata ɗaki, a riƙa share ta da ƙyalle mai laushi, a fito da ita ranar Lahadi mutane su yi kallo. Gomnati kuma ta ba ta takardar rajista ta musamman, ta sassauta mata dokokin da ke kan sauran motoci. Wanga gata bai faɗo daga sama ba: masu motocin ne suka haɗa kai, suka yi shekaru suna bin ofisoshin ministoci da majalisu har suka same shi. Yadda suka yi abu ne da ya kamata masu motocin Dutsi da Tibiri su sani, ko da yake tsohuwar motar Arewa ba ta da lokacin zama ɗaki.

Yadda aka sami gata a can

A shekara ta 1966 aka kafa FIVA, ƙungiyar duniya ta masu tsoffin motoci, wadda ta tsai da cewa abin hawa yana zama na tarihi in ya kai shekara 30 da ƙerawa, an kiyaye shi bisa siffarsa ta asali, kuma ba da shi ake zirga-zirgar yau da kullum ba. Shekara guda bayan haka, a 1967, aka kafa ta Faransa, FFVE, wadda ta tattara ƙananan ƙungiyoyi sama da 1000, da gidajen tarihi, da masu sana'ar gyara. A Ingila kuwa an kafa FBHVC a 1988.

A Faransa, tun daga 2009, motar da ta kai shekara 30 tana iya samun kart giriz ta motar tarihi, bisa shaidar kamfanin da ya ƙera ta ko ta FFVE ita kanta. Watau gomnati ta amince wa ƙungiyar masu motoci ta zama mai ba da shaida. Mota mai irin wagga takarda sai bayan shekara 5 take zuwa bizit, alhali sauran motoci duk shekara 2 ne, kuma tun 2017 an yafe bizit ɗin gaba ɗaya ga waɗanda suka fara aiki kafin 1960. Da birnin Pari ya hana motocin da suka girmi 1997 yawo ranakun aiki, a 2016, sabili da hayaƙi, ƙungiyar ta zauna da magajin gari har aka tsame motocin tarihi daga hanin. A Jamus, tun 1997, akwai lambar mota mai harafin H: mai ita yana biyan haraji tsayayye, kimanin yuro 192 a shekara, wajen jikka 126 ke nan na sefa, ko yaya girman injin yake.

Labarin Ingila ya fi ban darasi, domin ya nuna gata yana zuwa yana tafiya. A 1995 ministan kuɗi Kenneth Clarke ya yafe harajin hanya ga duk motar da ta kai shekara 25. Sabuwar gomnati ta zo, a 1998 ta daskarar da abin: sai motar da aka ƙera kafin 1973 kaɗai. Ƙungiyoyin ba su fasa gilashi ba, ba su tare hanya ba. Sun koma suka yi ƙidaya: motoci nawa ne, tafiya nawa suke yi, mutum nawa ke cin abinci da su. A 2014 aka maido da yafewar ga duk motar da ta cika shekara 40, a 2018 kuma aka ɗauke mata tilascin bizit. Binciken da FBHVC ta yi a 2020 ya nuna harkar tsoffin motoci tana juya fam biliyan 7.2 a shekara, tana riƙe da ma'aikata wajen 34,000, kuma motar tarihi ba ta wuce tafiyar mil 1,200 a shekara, kusan kilomita 1,900. Da irin waɗannan alƙaluma ake shiga ofishin ministan kuɗi, ba da kuka ba.

Inda aka rabu

To, amma mai karatu ya dubi adadin nan na ƙarshe da kyau. Daga Dutsi zuwa Yamai kusan kilomita 275 ne. Zuwa da dawowa 550. Abin da motar tarihi ke yi a Ingila cikin shekara guda bai kai zuwa Yamai sau huɗu ba, tafiyar da direban Hiace ke gamawa cikin mako ɗaya ko biyu. Hujjar Turawa duka ta tsayu ne bisa cewa motocinsu ba su aiki: ba su cinye hanya, ba su cika gari da hayaƙi, ba su ɗaukar fasinja. A Faransa an ba da takardar motar tarihi ne bisa sharaɗin ba motar sana'a ba ce. A Ingila ma yafewar ba ta shafi motar haya ba. Ke nan da za a kwafo dokar Faransa baƙi da baƙi a kawo ta Nijar, kamar yadda aka sha yi da wasu dokoki, ba za ta amfani direba ko ɗaya na tashar Dutsi ba. Wanda za ta amfana shi ne mai hannu da shuni a Yamai, wanda ya ajiye tsohuwar Mercedes ta mahaifinsa ƙarƙashin rumfa.

A Arewa hujjar a juye take. Tsohuwar mota ta cancanci a dube ta ne domin tana aiki, kuma aikin da take yi babu mai yin sa. Manyan motocin kamfanoni masu sanyi suna bin babbar hanya, daga Yamai zuwa Doso, Dutsi, Ƙonni, su wuce Maradi da Damagaram. Ba su sauka gudron. Wanda ke Sukukutan ko Dogon Kirya, ko Dumega, ko wani ƙauye cikin rairayin Dallol Mawri, in hatsinsa zai je kasuwa, ko matarsa naƙuda ta yi tsanani cikin dare, abin da ke gabansa amalanke ne, ko babur, ko tsohuwar motar nan. Tun da aka yanke Tibiri daga Dogon Dutsi a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta, tare da Geceme, Dumega da Kore Mairuwa, an sami ƙarin ofisoshi da ƙarin zirga-zirga, amma rairayi bai canza hali ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. A nan zancen ya wuce karin magana.

Ta ina suka shigo?

Mota ta daɗe da sanin wagga hanya. A ƙarshen 1924 ayarin Citroën, motoci 8 masu sarƙa ƙarƙashin jagorancin Haardt da Audouin-Dubreuil, ya ratso Sahara ya iso Yamai, ya bi ta Doso ya nufi Damagaram. Amma motar da ta zama ta talaka ita ce Peugeot 404, wadda ta fito a 1960, shekarar da Nijar ta sami ƴancin kai. Ta ci gasar Safari ta Afirka ta Gabas sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968. Da aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975, sai motocin suka zama na gida: kayan gyaransu suna samuwa daga Sakkwato har Birnin Kabi, kuma an ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan Faransa ta bar ta. Makanisiyen da ya koyi aiki a kanta yana iya kwance injinta da ƴan makullai kaɗan ƙarƙashin bedi. Wannan shi ne sirrin tsawon ranta.

Ranar 12 ga watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa, da ke daidai da sefa 50, ya koma 100. Dare ɗaya kuɗin sabuwar mota da na kayan gyara ya ninka. Daga nan kasuwar motocin da Turai ta gaji da su ta bunƙasa. Jirage suna sauke su Kwatano, direbobi suna koro su jere ta gadar Malanbil da Gaya, su bi Doso da Dutsi zuwa Ƙonni da Maradi, mafi yawansu su tsallaka Najeriya. Mutanen Dutsi sun yi shekaru suna ganin ayarin nan yana wucewa, masu abinci, da masu faci, da masu sayar da esansi a kwalba suna samun rabonsu.

Daga baya ƙofofi suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya. Daga 1 ga Janairu 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ta rufe iyakokin baki ɗaya. A watan Mayu 2023 ta janye tallafin man fetur, sai man ƴan ruwa-ruwa, wanda shi ke tafiyar da motocin ƙauyukan bakin iyaka, ya yi tsada. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma aka rufe iyakar Benin, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara wa sabunta mota wuya. Wanda ke riƙe da tsohuwa bai riƙe ta don sha'awa ba. Babu ce ta sa, kuma da babu gara ba daɗi.

Nauyin takarda

Mai motar haya yana ɗauke da lodi biyu: na bayan mota da na cikin jaka. Akwai takardar duwan, wadda ke shaida motar ta shigo bisa ƙa'ida. Akwai kart giriz, da lambar mota. Akwai binyat ta kowace shekara, wadda ake lissafawa bisa ƙarfin inji, doki nawa ne. Akwai asurans, ƙarƙashin dokar CIMA da ƙasashen yankin sefa suka sa wa hannu a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Akwai bizit, da takardar izinin sufuri, da harajin sana'a, da kuɗin tasha na magajin gari, da kuɗin hanya. Kowace da ofishinta, kowace da ranar ƙarewarta. Takarda kuwa ba ta iske mutum ƙauye. Shi ke bin ta, wata Dutsi, wata Doso mai nisan kusan kilomita 140, wata har Yamai. Ranar da aka tafi neman takarda ranar kasuwa ce da aka rasa.

Ita binyat tana da tarihi mai ban dariya. An ƙirƙiro ta a Faransa a 1956, zamanin ministan kuɗi Paul Ramadier, da sunan za a tara wa tsofaffi marasa galihu kuɗin fansho. Can ma an yi wa tsufa adalci: motar da ta wuce shekara 5 rabi take biya, wadda ta wuce 25 ba ta biyan komi. A shekara ta 2000 Faransa ta yafe ta ga motocin gida. Wasu ƙasashen da suka gaje ta kuwa suna nan suna karɓa. Ba laifi ba ne ƙasa ta karɓi haraji. Hanya ba ta gyara kanta. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Mai motar da rabin rayuwarta cikin rairayi take, wadda gudron bai gan ta sai ranar kasuwa, yana da damar ya tambayi abin da kuɗinsa ya saya masa.

Babbar matsalar tsohuwar mota ma ba yawan kuɗin ba ne, yankewar zare ne. Mota mai shekara 30 ta bi hannu biyar ko shida. An saye ta Kamba ko Argungu da musafaha da shaidu biyu. Sunan da ke kan kart giriz na wani Alhaji ne da ya rasu tun tuni, magadansa sun watsu, wasu Legas, wasu Abijan. An sake mata inji, an sake gida, lambar shasi ta ci tsatsa. Mai ita yana so ya gyara takardu, amma bai san ta inda zai faro ba, yana kuma tsoron in ya kai kansa ofis motar ta kwana furiyar. Sai ya zaɓi ya yi ta lallaɓawa, yana sallamar shinge bayan shinge. Tun tsakiyar shekarun 2000 ƙungiyar UEMOA take da sashe mai ƙididdige shingaye da kuɗin da ake karɓa ba bisa ƙa'ida ba a manyan hanyoyin yankin, abin da ya nuna cutar ba ta ƙasa ɗaya ba ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Motar da ba ta da cikakkun takardu tana biya kullum, amma baitulmali ba ya ganin ko dala, kuma ranar da ta yi haɗari fasinjanta ba shi da asurans da zai kama.

Zancen iyakar shekaru

Akwai kuma guguwa da ke tahowa daga waje. A watan Oktoba 2020 hukumar kare muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi tsoka, wajen 40 cikin 100. Ƙasashe sun shiga sa iyaka. Kodebuwar, daga Yuli 2018, ta hana shigo da ƙaramar motar da ta wuce shekara 5. Senegal ta taɓa tsai da shekara 5, sa'an nan a 2012 ta ɗaga zuwa 8 sabili da kukan jama'a. A 2020 ƙungiyar CEDEAO ta amince da ƙa'ida guda: shekara 5 ga ƙananan motoci, 10 ga manya, tare da wa'adin shekara 10 don ƙasashe su shirya.

Nijar ta fita CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025, tare da Mali da Burkina Faso. Ma'anarsa, duk hukuncin da za a yanke bisa shekarun mota, da kuɗin duwan, da sharuɗɗan rajista, a Yamai za a yanke shi, ko tsakanin ƙasashe uku na AES. Ƙofar ta matso kusa. Wanda ya zo da takarda a hannu za a saurare shi. Wanda ya tsaya tasha yana gunaguni zai ji labari a rediyo.

Masu son iyakar shekaru suna da gaskiyarsu, kuma bai kamata a raina ta ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma in an auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Babu gida a Arewa da bai taɓa karɓar gaisuwar wanda mota ta kashe ba. Amma takardar haihuwa ba ta taka birki. Mota mai shekara 8 da tayoyi huɗu masu sanƙo, da lodi ninki biyu, ta fi zama ajali bisa mai shekara 35 wadda mai ita ke duba ta kowace safiya. Abin aunawa shi ne birki, da sitiyari, da taya, da fitila, da nauyin kaya. In aka rufe ƙofar shigo da mai matsakaicin shekaru ba tare da an buɗe hanyar bashin sayen sabuwa ba, sakamakon da za a gani shi ne tsoffin da ke ƙasa su ƙara tsufa bisa hanya.

Abin da tasha za ta iya koya

Arewa ba ta rasa ƙungiya ba. Kowace tasha tana da sandika, da shugabanni, da kamasho, da littafin layi. Sun iya tara kuɗin taimakon wanda ya yi haɗari, sun iya yajin aiki. Abin da ya rage su koya daga ƙungiyoyin Turai shi ne aikin alƙalami.

Na farko, ƙidaya. Tashoshin Dutsi, Matankari, Dankasari, Kore Mairuwa, Geceme da Tibiri suna iya buɗe littafi ɗaya: motoci nawa, shekarunsu, kasuwannin da suke ci, ƙauyukan da ba su da wata mota sai su, kwana nawa suke aiki a shekara, nawa kowace ke kashewa ga takardu. Ɗan lakkwal guda mai kyakkyawan rubutu zai iya wanga aiki cikin wata biyu. Wanda ya ce "muna shan wuya" an ji shi an manta. Wanda ya ce ƙauye kaza da kaza za su yanke daga kasuwa in an tsai da motoci kaza, dole a ba shi amsa.

Na biyu, a nemi lokacin afuwa don ɗinke zaren takardu. A sa wa'adi, a tsai da kuɗi guda sananne, a karanta shi a gidajen rediyon ƙauye da Hausa da Zabarmanci, a duba lambar shasi don tace motocin sata, a karɓi shaidar magada da ta sandika da ta hakimi. In Faransa ta yarda ƙungiyar masu motoci ta shaidi shekarun mota, ba abin mamaki ba ne a yarda sandikan Tibiri ya shaidi cewa motar nan shekara 15 tana hannun wane.

Na uku, bizit ta zo inda motoci suke. Ma'aikata da kayan awo su riƙa kewaya manyan kasuwanni bisa ranakun da aka sanar, kamar yadda ma'aikatan dabbobi ke kewayawa lokacin allura. Na huɗu, a nemi aji na musamman ga motar kasuwar ƙauye, mai haraji sassauƙa da ake biya wuri ɗaya, a karɓi takarda ɗaya. Baitulmali zai ce ƙasa tana bukatar kuɗi, balle tun 2023 da taimakon waje ya ja baya. Gaskiya ne. Amma ƙaramin haraji da kowa ke biya ya fi babba da kowa ke gudu. Dattawan Arewa suna tune da ƙarshen shekarun 1970, lokacin da gomnatin Seyni Kunce ta soke lanhon kai. Ƙasa ba ta rushe ba.

Sa'an nan lokaci. Ana shirya dokar kasafin kuɗi ne cikin watannin ƙarshen shekara, ta fara aiki a Janairu. Wanda ya yi yaji a Fabrairu ya makara. Wanda ya kai takardarsa ga parfe da gwamnan Doso da ma'aikatar sufuri tun damina, shi ya zo kan kari.

Sai dai mai nema dole ya zo da abin bayarwa. Ƙungiyoyin Turai sun sami sassauci ne domin sun ɗauki alkawari sun kuma cika. Sandikan da ke son a daraja tsohuwar mota shi ya kamata ya fara hana lodi ga wadda ba ta da birki, ya ƙayyade buhu da kai, ya gaya wa ɗan'uwa gaskiya ranar da motarsa ta zama akwatin gawa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In tasha ba ta tace kanta ba, wata rana za a tace ta da doka mai kaifi ɗaya, wadda ba ta san mai kyau da maras kyau ba.

Kada a wayi gari babu ko ɗaya

Saura magana guda, wadda ita ce ta yi kama da ta Turai. Motar da ta gama aiki a Arewa ba ta ɓacewa, rarraba ta ake yi. Maƙera su ɗauki ƙarfen sifirin su ƙera hauya da gatari da wuƙa, gatarin ƙafafunta ya koma amalanke, kujera ta koma shagon mai shayi, saura ƴan jari-bola su auna a kilo. Wannan hikima ce, ba asara ba. Amma in aka bi haka har ƙarshe, za a wayi gari yaron da aka haifa Dutsi bai taɓa ganin 404 ba, motar da ta kai kakansa ci-rani, ta kai gyaɗa ma'auni, ta yi jigilar hatsin agaji a yunwar 1973 da ta 1984. A Liyon ta Faransa akwai gidauniyar Berliet, tun 1982, mai adana manyan motocin kamfanin da ya ratsa Tenere a 1959 da 1960. Su sun ajiye motar da ta zo kallon ƙasar nan. Ƴan ƙasa ba su kamata su rasa wadda ta ciyar da su ba.

Nijar tana da doka tun 30 ga Yuni 1997 bisa kiyaye kayan tarihi da al'adu, tana da gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai tun 1959. Ƙasar da ta riƙe labarin Lugu da Sarauniya tun 1899 ba a koya mata riƙon tarihi. Ba wani abu mai tsada ake bukata ba: bashe guda, 504 guda, Land Rover guda, a gyara su, a ajiye ƙarƙashin kulawar magajin gari, da albarkar Sarkin Arewa da Samna na Tibiri, a yafe musu haraji tun da sun bar haya, a fito da su ranar salla da ranar 3 ga Agusta. A zauna kuma da tsoffin direbobi da makanisiye a ɗauki maganarsu tun suna da rai, domin kowannensu taswira ce ta hanyoyin da gudron ya shafe.

In la'asar ta yi sanyi ranar Juma'a, motocin nan za su sake lodi su juya, kowace ta nufi rairayinta, fasinja suna addu'a, karen mota yana riƙe da dutsen tare taya. Mako mai zuwa za su dawo, in Allah ya yarda, kamar yadda suka saba shekara da shekaru. Abin da ba a sani ba shi ne ko masu su za su iso teburin da ake yanke hukunci kafin a yanke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah shi kiyaye hanya, shi sauki kowa lafiya.